Kujerar da Baba Bai Manna Ba

Ranar da Baba ya rasu, na lura da wata addu'a da masu gaisuwa suka dinga ƙarawa. Mace za ta shigo ta durƙusa, ta ce Allah ya jiƙansa, Allah ya ba mu haƙuri, sannan ta rage murya ta ce, "Allah ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba." Kuma duk wadda ta zo kan "wanda ba mu sani ba", sai idonta ya tafi kan ɗakin ƙurya mai koriyar ƙofa. Tsakar gidanmu na Gwarinpa ta cika maƙil har ana zama kan takalman juna, amma gaban ƙofar nan fayau yake, ko tabarma ba wadda ta yarda ta shimfiɗa.

Maƙwabciyarmu ta matso kusa da ni, ta riƙe hannuna. "Madam, sori fa. Amma wannan kaya da yake ciki, kar ku bari ya kwana bakwai. Yanzu mai shi ba ya nan, wa zai ba su abinci?"

Na zare hannuna a hankali. Ba ni da bakin tsawata mata, domin maganar da ke yawo a tsakar gidan nan tawa ce. Ni na haife ta, maƙwabciyar nan ta yi mini renonta.

Baba surukina ne, mahaifin maigidana, kuma ko a takarda hannuna ba zai iya rubuta sunansa ba. Uwargidansa ta riga shi da daɗewa, 'ya'yansa mata duk suna gidajen mazajensu, saboda haka ni kaɗai ce mace a gidan tun ranar da aka kawo ni. Shekara bakwai muna gida ɗaya, ban tuna ranar da muka haɗa ido ba. In na gaishe shi daga bakin ƙofa, ya amsa yana kallon hannunsa. In yana son wani abu, sai ya ce wa ɗansa, "Ka ce wa mutanen gidanka gishiri ya yi daidai," alhali mutanen gidan ga ta nan tsaye da kwano, ni kaɗai.

Abin da ke cikin ɗakin ba wani abu ba ne illa ƙananan jiragen sama da Baba ya ƙera da hannunsa. Wasu na rataye da zare daga silin, wasu na jere a kanta. Sai kuma mutum-mutumi goma sha ɗaya masu kafaɗu kamar akwati, masu fukafukai da bindigogi, waɗanda jikoki ke kira sojojin Baba. Ba kayan kanti ba ne da ake sayowa a haɗa. Daga kwali da gwangwanin madara da robar jarka yake yanko komai, ya goge da samfefa, ya manna da gam, ya bi da fenti.

Sana'arsa ce ta asali. A Legas, ofishinsu ne ke ƙera gine-ginen gwamnati ƙanana a kan tebur, domin manya su zo da sanda su nuna inda suke son titi ya bi. Yakan ba jikoki labari cewa ya ga Abuja kaf daga sama tun ba a aza bulo ɗaya ba, kuma shi ya dasa bishiyoyinta na farko da soson wanka da ya rina kore. Da gwamnati ta taso daga Legas, abokan aikinsa suka shiga bas, shi kuwa ya hau bayan babbar mota ya rungume akwatin kayan aikinsa kwana biyu, wai bai yarda da direba ba. Da ya yi ritaya, ofis ya sallame shi amma hannun ya ƙi sallamarsa.

Maganarsa ɗaya ce a duniya: "A auna tukuna." In za a kafa ƙusa, a auna tukuna. In tela ya zo, sai Baba ya sake auna abin da tela ya auna. Komai nasa kashi ɗaya ne cikin saba'in da biyu na ainihin abin, ba ƙari ba ragi. Wannan awon ne ya sa masu gadi suka taɓa tsare shi yini guda a bayan shingen filin jirgi, lokacin mulkin soja, sun same shi da rula da ɗan littafi yana kanne ido ɗaya yana auna wutsiyar jirgi daga nesa. Da aka sake shi, abin da ya dame shi shi ne sun riƙe littafin, kuma saura tayoyi bai gama ba.

Sojojin kuwa daga baya suka shigo. Jikoki ne suka zo hutu da kaset ɗin katun na Japan, inda wasu ƙattin injuna masu siffar mutum ke faɗa a sararin sama. Yara suka kalla suka manta, tsoho ya kamu. Sai ya tsayar da hoton, ya ɗora farar takarda a kan gilashin talabijin yana bin zanen da fensir, har kaset ɗin ya tsinke a wurin. Ni dai a lokacin dariya abin ke ba ni. Dattijo mai furfura, da tabarau a karan hanci, ya duƙufa gaban katun kamar mai karatun wasiƙa.

Wanda abin bai ba dariya ba shi ne Baffa, ƙanin Baba, mai shagon yadi a kasuwa. Wata Juma'a ina zuba musu abinci na ji su.

"Yaya, ka san hukuncin mai ƙera siffar abu mai rai. Jirage ban ce komai ba. Amma waɗannan gumaka ne."

"Mota ce mai ƙafa," in ji Baba. Ya ɗauko ɗaya ya sa farce ya buɗe ƙirjinsa. "Duba. Ga kujerar direba, ga sitiyari. Ka taɓa ganin mai rai da ƙofa a ƙirji?"

"To kan fa? Ga ido nan biyu."

"Fitila ce."

"Fitila mai haɓa?"

Baba ya mayar da ƙofar ya rufe. Baffa ya ture kwanon ya tashi, kuma tun daga ranar in ya zo gaisuwa a waje yake tsayawa.

Sai kuma ɗauke-ɗauke. Allah ya jiƙan Baba, amma murfi bai taɓa tsufa a gidanmu ba. Ka ajiye man shafawa, ka dawo ka tarar da shi baki buɗe. Biro ya koma ba hanci, matajin kai ya wayi gari da giɓi, cokalin maganin tari ya yi ƙafa. Bayan wata guda sai ka hango murfinka ya zama tayar jirgi, an shafe shi da baƙin fenti yana ta ƙyalli. Na yi ta ƙunƙuni a kicin, amma na haƙura, tunda ba a kai suruki ƙara kan murfi.

A shekarata ta biyu na samu ciki. Na fari ne, saboda haka na ɓoye shi iyakar iyawata, na ɗauka ba wanda ya sani sai maigidana. Cikin wata na huɗu ɗan kunnena guda ya ɓata, na cire shi a bakin famfo ina wanke fuska, na juyo babu. Ban kawo komai a raina ba. Bayan kwana biyu na je kwashe shanya, na tarar an yanke gefen ɗankwalina, wani shuɗi mai ɗigon fari da nake ji da shi. Ba yagewa ba ce, ba kuma ɓera ba. Yanka ne na reza, murabba'i, miƙe sambal kamar an sa rula. Mutum ɗaya ne a gidan nan ke yanka abu haka.

Kwana tara bayan nan na yi ɓari.

Innata ta zo daga Zariya jinya. Da na ɗan farfaɗo ta tambaye ni a hankali ko akwai wani abu na jikina da ya ɓata. Na ɗauko ɗankwalin na nuna mata. Ta daɗe tana juya shi, sannan ta ce, "Ki riƙe addu'a, ki kuma riƙe bakinki." Addu'ar na riƙe. Bakin ne ya fi ƙarfina.

Maƙwabciyar nan kaɗai na faɗa wa, na kuma roƙe ta kada ta faɗa wa kowa. Kafin wata ya ƙare, mai kayan miya ta san labarin, mai wanki ya san shi, har an ƙara masa abin da ban faɗa ba, wai sojojin na sauka daga kanta suna zagaya gida. Yaran layi da ke zuwa leƙen tagar ɗakin Baba suka ɗauke ƙafa. A masallaci, maigidana ya ce, sai ka ga an bar ɗan fili tsakanin kafaɗar Baba da ta na kusa da shi. Baba bai tambayi kowa dalili ba. Ya sa labule a tagar, ya sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar, ni kuwa na ce a raina, ai ga shi nan, mai gaskiya me zai kulle.

A kwanakin jinyar nan, kullum da hantsi sai in tarar da ƙunshi a tagar kicin. Yau hanta, gobe zuma a 'yar kwalba, jibi dabino. Ba sallama, ba saƙo. Na san takun wanda ke ajiyewa. Duk a kwata na zubar, zumar ma sai da na bi ta da ruwan zafi. Yanzu in na tuna, nakan ji kamar in buɗe ƙasa in shige.

Abin da ya ƙarasa tabbatar mini shi ne babban sojan. Ya fi sauran nesa ba kusa ba, tsayinsa ya kai gwiwata, fari da shuɗi. Wata rana Baba ya tafi gonarsa ta Orozo ya manta bai kulle ba, na shiga da tsintsiya don in sami abin faɗa in an kama ni. Na bi sojojin ɗaya bayan ɗaya, kowanne ƙirjinsa na buɗewa. Na babban kuwa an liƙe shi da gam, an bi da fenti har ba a ganin layin ƙofar. Na ɗaga shi na girgiza. Wani abu ya yi ƙas-ƙas a ciki. Baba, wanda ko ƙwayar ƙusa ba ya bari tana motsi!

Na faɗa wa maigidana. Ya dube ni ya ce, "Yanzu so kike in je in tambayi ubana ko shi ya kashe mini ɗa?" Mako guda ba mu yi magana ba. Bayan nan shekara biyar suka wuce ko ɓatan wata ban yi ba, kuma kowace shekara sai na ƙara ɗora ta a kan abin da ke ƙas-ƙas ɗin nan.

Ciwon ajalinsa bai daɗe ba. Ranar da zai cika, da la'asar, ina bayan labule na ji ya ce wa ɗansa, "Ka ce wa mutanen gidanka su yafe mini kayan da na ɗiba." Na ce a raina shi ke nan, ya amsa laifinsa. Maigidana ya ɗaga labulen yana kallona, idonsa jawur, yana jira. Na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya." Duk wanda ya san magana ya san abin da na ƙi faɗa. Baba ma ya sani.

Ranar sadakar uku, bayan an watse da hantsi, Baffa ya sa aka kawo a-kori-kura ƙofar gida. Ya tara maigidana da 'yan'uwansa mata a bakin koriyar ƙofar, ya ce za a kwashe komai a kai gonar Orozo a ƙone, jirage da gumaka duka, don a sauke wa mamaci nauyi, a kuma rufe bakin mutane. Maigidana ya sunkuyar da kai. Ba wanda ya musa sai wani tsoho, abokin aikin Baba tun Legas, Kirista mutumin Filato, wanda ke zuwa duk Asabar su yi feshin fenti tare.

"Alhaji, plis, kar ka ƙona. Wannan aikin shekara ashirin ne. Babu komai a ciki, ni na sani."

Baffa ya ɗauko wani jirgi ya auna shi a tafin hannu. "In babu komai, me ya sa hancinsa ya fi jikinsa nauyi?"

"Noti ne, Alhaji. In ba ka sa nauyi a gaba ba, jirgin zai zauna da gindi." Ya karɓa, ya zare hancin, ga tsohon noti mai tsatsa an naɗe shi da auduga. Wata ƙanwar maigidana ta yi 'yar dariya ta toshe baki.

Na ga Baffa ya fara sanyi, sai na ji wani abu ya taso mini. Ba zan yi wa kaina ƙarya a nan ba, ba don in ceci kayan Baba na yi magana ba. So nake a tona, kowa ya gani, maigidana ya san ba hauka nake ba. Daga bayan mata na ce, "Baffa, a gafarce ni. A buɗe babban."

Kowa ya juyo. Ban taɓa ɗaga murya a gaban Baffa ba sai ranar.

Tsohon ya ce, "Madam, wannan oga ya manna shi. In an buɗe zai fashe, ba mai gyarawa kuma."

"Shi ya sa nake so a buɗe."

Ba wanda ya motsa. Na shiga kicin na ɗauko wuƙar yanka albasa, na durƙusa gaban abin, na yi bisimilla na soka a inda nake zaton layin ƙofar yake. Ban dace ba. Ƙirjin ya tsage har kafaɗa, hannu ɗaya ya ɓalle ya faɗi.

A ciki wani ɗan ɗaki ne da bai fi gidan ashana biyu ba. Ga allon tuƙi da aka yi da kayan cikin agogo, ga ƙananan madannai jere. Daga rufin, ɗan kunnena na lilo a matsayin fitila. A tsakiya ga kujera an lulluɓe ta da shuɗin ɗankwalina mai ɗigon fari, an manna ta daram. Na karkato abin don in nuna wa Baffa, sai mai ƙas-ƙas ɗin ya gangaro cikin tafin hannuna. Wata kujerar ce, ƙarama, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, ita ma da shuɗin yadin, har da ɗan bel na zare.

Na ce, "To ga shi nan," amma muryar ba ta fita yadda na shirya ta ba.

Tsohon ya cire tabarau yana gogewa da gefen riga. "Oga ba ya manna kujera sai ranar suna," ya ce. "Duk jika da za a haifa, zai yi masa jirgi, ya gama komai, ya bar kujera. Sai an raɗa suna zai sa gam ya rufe."

Babbar yayar maigidana ta dafe ƙirji. "Wallahi haka ne. Ranar sunan 'ya'yana duka da gam yake zuwa a aljihu."

"Wannan ya ce na ɗan ɗansa ne, dole ya fi na kowa," in ji tsohon. "Ya ce a sa uwa ma a ciki, yaro ba zai tuƙa babban abu shi kaɗai ba. Ya ce zai sa kayan maman don yaro ya gane wurinta. Na ce oga ka tambaye ta mana, ya ce da wane baki. Da abin ya faru, na zo Asabar na ga ya sa ƙaramin kujera a ciki yana rufewa. Na ce oga cire shi, zai dinga ƙara. Ya ce, in na cire, ina zan kai ta?"

Na zauna a ƙasa da 'yar kujerar a hannuna. Maigidana ya juya ya fuskanci bango. Direban a-kori-kura na ta hon a waje, ba wanda ya kula shi.

Daga bisani Baffa ya aika a sallami direban. Amma Baffa Baffa ne. Ya ce jirage a raba wa jikoki, sojoji kuwa za su zauna in an cire musu kai, don ba zai bar ɗan'uwansa da abin da za a tambaye shi a kabari ba. Ya karɓi filaya ya bi su ɗaya bayan ɗaya da hannunsa. Hawaye na bin gemunsa, amma bai tsallake ko ɗaya ba. Ni na bi bayansa ina tsince kawunan, na zuba a gwangwanin madara, suna nan har yau a ƙasan akwatina.

Har gobe ina cewa Baba bai kyauta ba. Mutum ba ya sa reza a ɗankwalin matar ɗansa, ko da aljanna zai gina mata da shi. Da ya aiko ɗansa ya ce mutanen gida su ba da ƙyalle, da zani guda zan bayar. Amma shi laifinsa bai wuce faɗin ɗan yatsa biyu ba. Nawa kuwa ya zagaye unguwa, ya bi shi masallaci, ya raka shi har makabarta.

Washegari na je wurin maƙwabciyar da ƙafata, na kai mata 'yar kujerar ta gani, na ce ƙarya na yi wa bawan Allah. Ta juya ta a hannu ta ce, "Hmm. Madam, ke dai kin ce." Har yau in mai babur ya tambayi kwatance a layinmu, gidan mai gumaka ake ce masa. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan, don duk wanda ya ji wancan labarin daga bakina ko daga bakin wanda ya ji daga bakina, ya ji wannan ma. Allah ya jiƙan Baba, ya haskaka kabarinsa, ya sa ya ji abin da na hana shi ji. Na yafe, Baba. Ni ce ban san wanda zan aika ya ce ka yafe mini ba.

Shekara biyu bayan rasuwarsa Allah ya ba ni 'ya mace. Ita kaɗai ce cikin jikokinsa ba ta da jirgi. Ranar suna da safe, da aka aiko daga ƙofar gida cewa an raɗa, na bar mata cike da ɗaki na shiga ɗakin ƙurya. Babban sojan na nan a kanta, ba kai, ba hannu ɗaya, ƙirji a tsage. Gam ɗin Baba ya bushe, sai da na aika aka sayo sabo. Na ɗiga, na ɗora 'yar kujerar kusa da tawa, na danne da ɗan yatsa har ta kama.

Da na ɗaga hannu sai na ga ta karkace. Ban auna ba.